M-209: Yadda 'yar hanyar Glen Haven ta samu lambar jiha, da yadda ta rabu da ita

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a jihar Mishigan ta Amurka. A hutun da ya wuce mun je bakin tafki, wani ƙauye da ake kira Glen Haven. Na ga wata tsohuwar taswira an rubuta M-209 a kan 'yar hanyar da ta shiga ƙauyen, amma da na duba ban ga allo ko ɗaya mai wannan lamba ba. Na taka hanyar da ƙafa, ko minti goma sha biyar ban yi ba ta ƙare. Ta yaya hanya irin wannan ta zama ta gwamnatin jiha? Kuma da aka cire mata lamba, ba yasar da ita aka yi ba ke nan, kamar yadda muke gani a gida? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam ƙanena, amin, Allah ya ba da sa'ar karatu. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, domin mutane da yawa suna bin hanya ba su taɓa tambayar ta wane ne ba sai ranar da ta lalace. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani. Na farko, me ya sa jiha guda za ta ɗauki nauyin hanyar da tsawonta bai wuce mita 874 ba, wato rabin mil da 'yan kai. Na biyu, shin sauke wannan nauyin daidai yake da watsar da hanya.

Taswirar da ka gani ba ta yi ƙarya ba. M-209 ta shiga sahun manyan hanyoyin jihar Mishigan a shekarun 1920, ta kuma daɗe tana riƙe da sunan mafi gajarta a cikinsu, har zuwa tsakiyar shekarun 1990 da aka miƙa ta ga gundumar Leelanau. Yanzu sunanta Glen Haven Road kawai. Amma ba za ka gane yadda haka ta faru ba sai ka san abin da ƙauyen yake kafin ya zama wurin yawon buɗe ido, don haka bari mu fara daga ruwa.

Ƙauyen da itacen wuta ya kafa

Idan ka tsaya a bakin ruwan Glen Haven, wato gaɓar Tafkin Mishigan, ka fuskanci arewa, za ka hango tsibirai biyu, Manitou ta Arewa da Manitou ta Kudu. Ruwan da ke tsakaninsu da gaɓa mashigi ne da jiragen ruwa suka riƙa bi a ƙarni na 19 tsakanin Shikago da gabashin ƙasar, saboda ya fi kusa, kuma tsibiran suna ba da mafaka idan iska ta taso. Jiragen farko masu aiki da tururi itace suke ƙonawa, kuma ba sa iya ɗaukar wanda zai kai su ƙarshen tafiya. Dole su riƙa tsayawa suna ƙari, kamar yadda direban tirela yake tsayawa shan mai. Duk wanda yake da daji a bayansa da ruwa mai zurfi a gabansa ya samu sana'a.

A 1857 wani mutum mai suna Charles McCarty ya kafa injin yanka katako da masauki a wurin. Masaukin shi ne dogon ginin katakon da ka wuce a hagu kafin ka isa ruwa. Daga baya aka gina doguwar matsayar jirage da ta kutsa cikin tafkin. A 1878 wani saurayi daga Ogdensburg ta jihar New York, David Henry Day, ya zo a matsayin wakilin kamfanin jiragen da ke sayen itacen, bayan 'yan shekaru kuma ya saye ƙauyen kusan gaba ɗaya: shago, masauki, matsaya da dazuzzuka. Da jirage suka koma ƙona kwal, cinikin itacen wuta ya mutu, sai ya juya ga katakon gini. Yana da injin yanka a bakin ƙaramin tafkin Glen, da ɗan layin dogo da ke kawo katako zuwa matsaya. Da manyan itatuwa suka fara ƙarewa ya sake juyawa, ya shiga noma da kiwo da dashen 'ya'yan itacen da ake kira ceri, har aka buɗe masana'antar zuba su a gwangwani a shekarun 1920. Wannan jan ginin da ke bakin ruwa, wanda yanzu aka ajiye tsofaffin kwale-kwale a ciki, shi ne masana'antar.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara wa wurin muhimmanci. Mashigin nan ya ci jirage da rayuka da yawa, shi ya sa a 1901 gwamnatin tarayya ta gina tashar ceto a kan tsinin ƙasar da ke yamma da ƙauyen. Ma'aikatanta suna sintiri a gaɓa dare da rana, idan jirgi ya kafe su fita da kwale-kwale na hannu, ko su harba igiya da 'yar igwa su jawo mutane ɗaya bayan ɗaya. A 1915 hukumarsu ta narke cikin rundunar tsaron gaɓar teku. A 1931 rairayi ya matsa wa tashar har yana neman binne ta, aka ɗaga gine-ginen aka jawo su zuwa inda suke yanzu, kusa da ƙauyen. Duk ɗan arewa da ya taɓa ganin jigawa tana cin gona a wajajen Yusufari ko Maine-Soroa zai gane irin wannan tafiya ta rairayi, sai dai a yankin Glen Haven tuddan suna kai ƙafa 450 sama da ruwa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, a duk waɗannan shekaru fuskar Glen Haven tana kallon ruwa ne. Mutum ta jirgi yake zuwa, kaya ta jirgi, wasiƙa ta jirgi. Hanyar da ka taka ƙofar baya ce, turbar keken doki a cikin yashi.

Yadda lambar ta zo

Mota ce ta juya fuskar ƙauyen. A ƙarshen ƙarni na 19 hanyoyin karkara a Mishigan suna hannun 'yan ƙananan hukumomin ƙauyuka, kowace tana gyara nata da aikin gayya na manoma, kuma da ruwa ya sauka sai taɓo. Masu keke ne suka fara ƙorafi, masu mota suka biyo baya. A 1905 jihar ta kafa ma'aikatar hanyoyi, Horatio Earle ya zama shugabanta na farko. A 1909 aka zuba mil ɗaya na kankare a titin Woodward kusa da Ditroit. A 1913 majalisar jiha ta yi dokar da ta ware wasu hanyoyi a matsayin manyan jijiyoyi da jiha za ta sa wa kuɗi na musamman, a 1919 kuma aka kafa musu alluna masu lamba. Mishigan ce jiha ta biyu da ta yi haka, bayan Wiskonsin. Daga nan ne wannan allo mai siffar lu'ulu'u da harafin M a sama ya samo asali. A 1925 aka sa harajin senti 2 a kan kowane galan na fetur, kuɗi ya fara shigowa a kai a kai, ma'aikatar ta samu ƙarfin faɗaɗa taswirarta.

Manyan jijiyoyin suna haɗa gari da gari. M-22, wadda tsawonta ya haura mil 116, ita ce ta zagaye yankin Leelanau tana bin gaɓar tafki. Amma babbar hanya ba ta iya lanƙwasa ta shiga kowane lungu, shi ya sa aka riƙa cire mata rassa. M-109 reshe ne da ya bar M-22, ya zaga ta gindin tuddan rairayi na kusan mil 7, ya koma ya same ta a Glen Arbor. A inda M-109 ta yi kwana mai kaifi ta nufi gabas, sauran 'yan ɗaruruwan mitoci a isa ƙauye da ruwa. Wannan ragowar ita ce M-209. Ko lambobin kansu suna nuna dangantakar, 109 uwa, 209 'ya.

Irin waɗannan gajerun rassa ba baƙon abu ba ne a Mishigan ta wancan zamani. Jihar ta riƙa kai hanyarta har ƙofar duk wani wuri da take ganin amfaninsa ya wuce na mutanen unguwa: gandun shaƙatawa na jiha, matsayar jiragen fito, da makamantansu. M-108 a Mackinaw City ta kai motoci ne ga jiragen fito na jiha kafin a gina babbar gadar Mackinac. M-168 a Elberta ta kai ga matsayar jiragen da ke tsallakar da taragun jirgin ƙasa zuwa Wiskonsin. M-110 ta tashi daga Manistee zuwa gandun Orchard Beach. M-212 ta shiga gandun Aloha. Hujjar ita ce, idan mutanen da ke bin hanya daga ko'ina cikin jiha suke zuwa, ba adalci ba ne a ɗora wa manoma ɗari biyu na yankin nauyin gyara ta.

To Glen Haven tana da irin wannan hujja har fiye da ɗaya. Tana da matsayar jirage, tana da tashar ceto, tana da masana'anta mai buƙatar fitar da kaya. Sannan tana da Day. Mutumin nan yana cikin manyan masu fafutukar a gyara hanyoyin yammacin Mishigan don jawo masu yawon buɗe ido da mota, kuma shi ne shugaban farko na hukumar gandayen shaƙatawa ta jiha da aka kafa a 1919. A 1920 ya ba jiha kyautar eka 32 a bakin ruwa, gabas da ƙauyen, aka mai da wurin gandun jiha mai ɗauke da sunansa. A karatuna na al'amarin, haɗuwar waɗannan ne ya sa ƙauye mai gidaje ƙalilan ya samu abin da garuruwan da suka fi shi girma ba su samu ba. Na yi shekaru ina zama a ɗakunan da ake zana layi a taswira, kuma na san layi ba ya zuwa wuri don ƙididdiga kaɗai. Sai an samu buƙata ta gaskiya, an kuma samu mai faɗa a ji da zai tsaya mata. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ga Day ba. Ya ga cewa zamanin jirgi yana wucewa, ya nemar wa garinsa wata ƙofa tun kafin ta farko ta rufe.

Me lamba take nufi a aikace

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, har da wasu abokan aikina. Suna ɗaukar lambar hanya kamar sarauta, wadda aka naɗa ta ɗaukaka, wadda aka tuɓe ta ƙasƙanta. A wurin injiniya lamba alkawari ne a rubuce. Tana faɗin wanda zai share dusar ƙanƙara da asuba, wanda zai cike rami, wanda zai sauya kwalbati idan ta rufta, wanda zai ja farin layi, da wanda za a kai ƙara idan lalacewar hanya ta jawo haɗari. Ta kuma faɗi aljihun da kuɗin zai fito.

A Mishigan wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Yankin Leelanau yana shan dusar ƙanƙara mai yawa saboda iskar da ke ɗebo danshi daga tafki. Ruwa yana shiga tsagar kwalta, ya daskare da dare ya kumbura, ya narke da rana, ya bar rami a ƙarƙashi. Lokacin da sanyi ya fara sakin ƙasa, ƙasan hanya yana yin laushi kamar kunu, har sai an rage nauyin da manyan motoci za su ɗauka na wasu makonni. Abin da damina take yi wa hanyoyinmu, hunturu ne yake yi wa nasu.

Dokoki biyu suka tsara wanda zai ɗauki wannan nauyi. A 1931 aka yi dokar da ta karɓe hanyoyin karkara daga hannun 'yan ƙananan hukumomin ƙauyuka ta damƙa su ga hukumomin hanyoyi na gundumomi 83 na jihar. Wannan ya ƙarfafa hukumomin, suka zama masu injiniyoyi da gireda da tifa da ma'aikata na dindindin. A 1951 kuma aka yi dokar da ake kira Act 51, wadda ta tara harajin fetur da kuɗin rajistar motoci a asusu ɗaya, ta kuma tsara yadda za a raba. A tsarin da ake bi yanzu, bayan an cire wasu kuɗaɗe daga sama, jiha tana ɗaukar kashi 39.1 cikin 100, gundumomi 39.1, birane da ƙananan garuruwa 21.8. Rabon kowace gunduma yana la'akari da tsawon hanyoyinta da yawan jama'arta da motocin da aka yi wa rajista a cikinta. Ma'ana, idan hanya ta koma hannun gunduma, ana ƙara ta a lissafin milolin da ake biyan gundumar a kansu. Ka lura kuma, a cikin kusan mil 120,000 na hanyoyin jihar, waɗanda ke hannun gwamnatin jiha ba su kai mil 10,000 ba. Mafi yawan hanyoyin da ka bi a tafiyarka, masu kyau da marasa kyau, na gundumomi ne.

Dalilan suka tafi ɗaya bayan ɗaya

Day ya rasu a 1928. Jiragen fasinja suka daina tsayawa, matsayar ta ruɓe, yau turakunta kaɗai suka rage suna leƙowa daga ruwa. An rufe tashar ceto a lokacin yaƙin duniya na biyu, domin rediyo da jirage masu inji da sauran na'urori sun rage buƙatar mutum ya yi ta sintiri da fitila a gaɓa. Masana'antar gwangwani ma ta tsaya. Abin da ya riƙe ƙauyen bayan haka shi ne yawon mota a kan tuddan rairayi, wanda 'yar Day da mijinta suka fara a 1935, ya ci gaba har 1978.

Ranar 21 ga Oktoba 1970 gwamnatin tarayya ta kafa gandun ƙasa na Sleeping Bear Dunes. Sunan ya fito ne daga tatsuniyar mutanen asali na yankin, Anishinaabe, game da wata uwar dabbar beyar da ta tsallako tafki da 'ya'yanta biyu suna gudun gobarar daji, 'ya'yan suka nutse suka zama tsibiran nan biyu, ita kuma ta kwanta a gaɓa tana jiransu har rairayi ya rufe ta. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 hukumar gandayen tarayya ta saye ƙauyen, gandun jiha na Day ma ya koma hannunta ya zama wurin kafa tanti. Sayen filayen nan ya bar ciwo a zukatan iyalai da dama a yankin, waɗanda ba su so rabuwa da gidajensu ba, kuma wannan ɓangaren labarin bai kamata a manta da shi ba idan ana yabon kyan wurin.

Ka duba yanzu. Jiha ba ta da gandu a ƙarshen hanyar, babu matsaya, babu tashar ceto mai aiki, babu kayan da ake fitarwa. Hanyar ba ta haɗa gari da gari. Duk igiyoyin da suka ɗaure ta da jiha sun tsinke, amma lambar ta ƙara kusan shekara ashirin a jikinta. Haka abin yake kusan ko'ina, lamba takan rayu bayan dalilinta ya mutu. Jiragen Elberta sun daina aiki a 1982, M-168 ba ta bar hannun jiha ba sai 2012. Gadar Mackinac ta buɗe a 1957, M-108 ta kai har 2010. M-110 ta tafi a 2003. Ba wanda yake gaggawar karɓar nauyi, ba kuma wanda yake son a ce a zamaninsa garinsu ya fita daga taswirar jiha.

Zaɓin da ke gaban ma'aikatar bai wuce huɗu ba. Tana iya ci gaba da riƙewa, amma ko gajeriyar hanya tana cin lokacin ofis: sai an ƙidaya motocinta, an auna lafiyar kwaltarta, an sa ta a kasafi, an kula da allunanta bisa ƙa'idar babbar hanya, alhali aikin titin unguwa take yi. Tana iya rufe ta, amma wannan ba zai yiwu ba tunda jama'a suna zuwa. Tana iya neman hukumar gandu ta karɓa, ko ta miƙa wa gunduma. Na ƙarshen aka yi, kuma a ganina shi ya fi dacewa, domin sauran ƙananan hanyoyin da ke kewaye na gunduma ne, motar share ƙanƙara ɗaya za ta bi su duka a zagaye ɗaya. Daga ranar M-212 ta Aloha, mai kusan kashi uku cikin huɗu na mil, ta gaji sunan mafi gajarta.

Shin yasarwa ce?

Na je Glen Haven a ƙarshen kaka, lokacin da nake ƙarin karatu a jihar, bayan masu yawo sun watse. Na bar mota a kwanar M-109 na taka kamar yadda ka yi, sai dai ni idona yana ƙasa. Na ga tsagogin kwalta an bi su an cike da baƙin danƙo, layi-layi kamar ɗinkin ƙwarya. Na durƙusa na danna da babban yatsa, yana da laushi, alamar ba daɗaɗɗen aiki ba ne. Gefen hanya an kankare yashin da iska ta tara, ruwa yana da inda zai bi. Wanda bai san aikin ba zai ce hanya ce mai faci-faci. Ni kuwa abin da na gani shi ne akwai wanda yake zuwa duba ta, yana kashe kuɗi kaɗan yau don kada ruwa ya shiga a kashe mai yawa gobe.

Abin da ya sa miƙa hanya a can ba ya zama yasarwa abu uku ne. Akwai doka ta 1969 da ta tsara sauya hannun hanya, kuma asalin ƙa'idarta shi ne sai ɓangarorin biyu sun amince a rubuce. A al'adar aikin, mai bayarwa yakan gyara hanyar kafin ya miƙa, ko ya ba da kuɗin gyaran. Sannan rabon shekara-shekara yana bin milolin zuwa sabon hannu. Wani abin da zai ba ka mamaki, a mafi yawan gundumomin Mishigan ma'aikatan gunduma ne dama suke kula da hanyoyin jiha bisa kwangila, jiha tana biya. Don haka sau da yawa direba ɗaya ne da mota ɗaya kafin sauyi da bayansa, takardar biyan kuɗi ce kawai ta sauya adireshi.

Ba na so in nuna maka kamar komai lafiya lau ne. Gundumomin Mishigan sun daɗe suna kukan kuɗin da ake ba su bai kai nauyin da ke kansu ba, kuma kai da kake zaune a can ka san yadda ake maganar ramukan hanya a kowane zaɓe. Akwai gundumomin da suka kankare kwalta suka mai da hanya ta tsakuwa don ba za su iya riƙe ta ba. Glen Haven ta yi sa'a, gajeriya ce, ba ta ɗaukar manyan motoci, tana kuma cikin gandun da jama'a ke tururuwa. Kada ka auna duk hanyar da aka sauke da ita.

Tsoron da ke cikin tambayarka kuwa na san inda ya fito, domin na gan shi da idona. A Najeriya hanyoyi kashi uku ne, na tarayya, na jiha, da na ƙananan hukumomi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na tsawonsu yana wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi ƙarancin kuɗi da kayan aiki. Farkon shigata aiki an tura ni duba wata 'yar hanya da ba ta kai kilomita biyu ba, wadda ta tashi daga babban titi zuwa tashar jirgin ƙasa ta wani ƙauye. An yi ta ne zamanin gyaɗa da auduga, an zuba mata burji mai kyau, an sa kwalbatoci na dutse. Da jirgi ya daina tsayawa, labarinta ya zama irin na M-209, sai dai ba wanda ya zauna ya rubuta komai. Na tarar kwalbati ɗaya ta rufta, mutanen gari sun jera itacen giginya a kai. Wani dattijo ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaro, mun je can an ce ta waɗancan ce, mun je wajen waɗancan an ce ba ta cikin littafinsu. Kai ka faɗa mana ta wa ce." Na koma ofis na kwana biyu ina tonon fayil, ban samu takarda ɗaya da ta ce an miƙa ta ko an karɓe ta ba. Damina biyu bayan haka ruwa ya yanke ta, mai naƙuda sai a amalanke ake fitar da ita. Har yau idan na tuna tambayar dattijon nan raina yana ɓaci, domin kuɗin da zai ceci wannan hanya a lokacin bai kai na motar ofis ɗaya ba. Wannan ita ce yasarwa, hanya ta faɗa tsakanin hannu biyu kowa yana cewa ba tasa ba ce.

Ni injiniyan kwalta da magudanar ruwa ne, abin da na faɗa kan dokoki fahimtar mai aiki da su ce, ba fatawar lauya ba. Kuma ba na cewa a kwaso tsarin Mishigan a dasa a gida yadda yake. Nasu ya tsaya ne a kan harajin da doka ta keɓe wa hanya da hukumomin gunduma da suka shekara kusan ɗari suna tara gwaninta. Inda babu waɗannan biyun, sauke hanya zuwa ƙasa yakan zama sauke ta cikin rami, kuma da za a tambaye ni a irin wannan hali zan ce jiha ta ci gaba da riƙewa har sai mai karɓa ya samu gireda da kasafi.

Idan Allah ya sa ka koma, ka tsaya a kwanar da M-109 ta juya gabas, ka dubi allonta mai harafin M, sannan ka juya arewa ka dubi ƙaramin allon sunan titi. A tsakanin allunan nan biyu ne nauyi ya sauya hannu. Ka bi hanyar ka wuce maƙera da tsohon shagon Day da masaukin McCarty, ka duba gefen kwalta ko an share yashi, ka duba tsagogi ko an cike su. Da ka isa jan ginin ka sauka bakin ruwa, idan tafkin ya kwanta za ka ga turakun tsohuwar matsaya a jere sun nufi tsibiran. Ka ɗauko mini hoton tsagogin, ina son in ga yadda suke yanzu. A gaishe da abokan karatu.